Gyara shafin intanet a burauzarka: abin da na tsinta daga hirarmu

Jiya mun daɗe muna magana kan yadda mutum zai sake wa shafi fasali a burauzarsa shi kaɗai, ga abin da na tsinta.

Wanda ya fi mu sanin harkar ya ce a fara da mai sauƙi, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa burauza, in hasken farin shafi ne ke damun idonka da daddare Dark Reader ya isa, in kuma rubutu ne ƙanana ko wani akwati ya tare maka rabin fuska to Stylus zai yi. Amma ya ja kunne kar a rikita shi da Stylish, wanda Chrome da Firefox suka cire a 2018 saboda an kama shi yana kwasar tarihin shafukan da mutane ke shiga.

Inda aka fi daɗewa shi ne ƙananan sikirif, wato gajerun umarnin kwamfuta masu canza shafi, da ake sakawa ta manhajojin Greasemonkey da Tampermonkey. Kowa ya yarda kar ka saka wanda ba ka leƙa cikinsa ba, ka duba layin @match da ke saman sikirif ɗin, wanda ke nuna shafukan da zai yi aiki a kansu, in ka ga zai yi aiki a kowane shafi har na bankinka, wallahi bar shi. Kuma masu shafi na canza sunayen abubuwa a rubutun kwamfutar da aka gina shafin da shi, ka wayi gari gyaranka ya watse. Wani ya ce wannan matsalar ce masu bincike a MIT suka so magancewa da wata manhaja mai suna Chickenfoot a 2005, inda za ka kira maɓalli da kalmar da ke rubuce a kansa kawai, ni dai wannan dabarar ta burge ni.

Masu waya kuwa, Chrome na Android ba ya ɗaukar waɗannan manhajoji, amma Firefox yana ɗauka.