Neman sautin jitar rok a ƙaramin ampili

Mai tambaya, daga Wadata:
Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa. Ƙungiyarmu na son kaɗa wata waƙar rok ta Ingila ta shekarun 1970, amma duk yadda na murɗa maɓallan ampilina, wato na'urar ƙara sautin jita, sautin ya ƙi kama da na faifan: nasu yana da kauri da kaushi, nawa kuwa sai kuka yake kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Jitata ƙirar Stratocaster ce, ampilin kuma ƙaramin Roland Cube. Wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka.

Daga Yantala:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ina kyautata zaton ka kai Gain, maɓallin da ke ƙara kaushi, ƙarshe ka kuma danne Middle, maɓallin sautin tsakiya, domin nan ne yawancin masu koyo ke faɗawa. Makaɗan wancan zamani ampilin Marshall suke buɗe wa murya har ya dishe da kansa, kuma kaushin bai kai yadda kunne ke zato ba. Kaurin da kake ji, sau da yawa kiɗa ɗaya ne aka ɗauka sau biyu a situdiyo, aka jefa ɗaya dama ɗaya hagu, abin da jita guda ba za ta taɓa yi a fili ba. Ni a nawa ina ajiye Gain a 4, Middle a 7, Bass da Treble a tsakiya, sauran kuwa aikin hannun dama ne: idan ka bugi tsirkiya da ƙarfi ta yi kaushi, idan ka sassauta ta washe.

Daga Bukoki:
Maganar yaya haka take, sai dai jitar ma da nata. Idan da jita ƙirar Les Paul aka kaɗa waƙar, mikronta, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, naɗin waya biyu gare shi, na Stratocaster kuwa ɗaya, shi ya sa muryarta ta fi siranta. Abin da ya cece ni shi ne fedal ɗin Tube Screamer na kamfanin Ibanez, ƙaramin akwatin da ake takawa da ƙafa tsakanin jita da ampili, wanda ke ɗaga sautin tsakiya ya rage na ƙasa. Ka kuma lura cewa a tsohuwar ƙirar Stratocaster maɓallan Tone, masu rage tsinin sauti a jikin jita, ba su shafi mikron da ke kusa da gada, inda tsirkiyoyi ke kafe a jikin jita, ba, don haka a ampili za ka rage tsinin.

Daga Tahoua:
Malam, ka fara gwada tsirkiyarka da faifan, domin wasu ƙungiyoyin sukan sassauta ta da rabin murya. A wuraren biki kuma, inda janareto ke ba mu wuta, gurnani na shiga fedal, sai na koma amfani da batir mai bolt 9. Saitin da ya yi daɗi a ɗaki ba ya tsayawa a fili, dole ka sake shi bayan mai ganga ya zauna.