Na'urar awon jini da WhatsApp wajen kula da iyayenmu tsofaffi: yaya abin yake a gidajenku?

Ɗan Garwa mazaunin Yaunde: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, tana Garwa, kuma hawan jini ya daɗe yana damunta. Na saya mata na'urar awo ta batir, ƙanwata tana auna ta da safe ta turo hoton lambobin, ni kuma in miƙa wa likitanta ta WhatsApp. Ina neman jin yadda abin ya kasance ga waɗanda suka riga mu, domin har yanzu hankalina bai kwanta da tsarin ba.

Hajiya daga Marwa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Namu ciwon suga ne, na Baffa, kuma abin da ya fara tayar mana da hankali shi ne bambancin lissafi. Na'urar da aka kawo masa daga Najeriya ta nuna 126, alhali a littafinsa na asibiti an rubuta 1,26, sai yaran gida suka ɗauka sugan ya ninka sau ɗari. Daga baya aka fahimtar da mu cewa awo ɗaya ne, na'urar tana ƙirga miligiram ne a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita), asibitocinmu kuma giram a kowace lita. Sai maganar zafi, wadda duk mutumin Marwa ya san ta: a watan Afirilu rana tana wuce digiri 40, tsinken awon da ake ɗiga wa jini kuma ba ya son abin da ya haura 30, don haka muke ajiye gwangwaninsa a rufe kusa da randa.

Ma'aikacin jinya, Ngaundere: Ranki ya daɗe Hajiya, kin taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Hotuna suna zuwa mana da yawa, amma akasari lamba ce tsirara, babu rana, babu lokaci, ba a ce kafin shan magani ne ko bayansa ba. Na sha ganin an auna dattijo yana shigowa daga masallaci da haki, an ɗaura abin a kan hannun babbar riga, yana kuma amsa gaisuwa, sannan a kira ni cewa jini ya kai 170. Ƙa'idar ita ce ya zauna minti 5 ya jingina bayansa, ƙafafunsa a ƙasa, a ɗaura a damtse tsirara daidai da zuciya, a auna sau biyu ba tare da magana ba. Na'urar damtse ta fi ta tsintsiyar hannu aminci. A asibiti muna kiransa hawan jini idan ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban, shi ya sa shafi guda na awon mako ya fi mini amfani da hoto goma da aka watso ba tsari. Abin da na fi tsoro shi ne ɗa mai son iyayensa ya ƙara ƙwayar amlodipine, maganin hawan jini, da kansa saboda lamba ɗaya, domin tsoho yana iya jin jiri idan ya miƙe, ya faɗi ya karya ƙugu. Idan kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a bar wayar a nufi asibiti nan take. Ta fannin zuciya ma ɗan ƙasarmu Kamaru Arthur Zang ya ƙera Cardiopad, wadda ke ɗaukar awon bugun zuciya ta aika wa ƙwararre daga nesa, har ta kawo masa kyautar Rolex a 2014.

Jika daga Kuseri: Kakata ba ta jin Faransanci kuma ba ta karatun boko, saboda haka ƙararrawar waya ba ta hana ta tsallake magani ba. Da muka ɗaura shi da sallar asuba da ta isha'i, tare da saƙon murya daga babban ɗanta, sai ta kiyaye. Ta dai yi fushi sosai ranar da ta ji an saka sakamakon gwajinta a zauren dangi na WhatsApp, har surukai suna kira suna jajantawa, kuma ina ganin da gaskiyarta.

Ɗan kasuwa, Njamena: Mu kuɗin magani muke turawa ƙauye ta Airtel Money, amma idan babu caji ko layi ya ɗauke, kwana biyu ba ma jin komai. Malam, mahaifina yana shan glibenclamide, maganin ciwon suga, kuma ya nace zai yi azumi, shin awon gida ya isa?

Ma'aikacin jinya, Ngaundere: Alhaji, wannan magani yana iya faɗar da suga ƙwarai ga tsofaffi, musamman idan ciki babu abinci. Ku kai shi likita ya gan shi ido da ido tun kafin watan ya kama, ku tafi da littafin awon. Idan aka yarda ya yi azumin, ranar da na'urar ta nuna ƙasa da 70, wato 0,70, ko ya fara gumi da rawar jiki, to ya sha ruwa mai sukari a take.