Zanen bangon kabarin Kazanlak: walima ce ko makoki?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum. A kabarin Kazanlak na ƙasar Bulgeriya, wanda sojoji suka gano a 1944 suna haƙar rami, an zana miji da mata zaune, suna riƙe da hannun juna, bayi na kawo musu abinci. Me ya haɗa liyafa da kushewa?

Mai Nazari: Wa'alaikumus salam, Malama. Walimar jana'iza ce. Herodotus, masanin tarihi na tsohuwar Girka, ya rubuta cewa mutanen Tirakiya, tsohuwar al'ummar da ta gina wannan kabari, kan ajiye gawar mai arziki kwana 3, su yi kuka, su yanka dabbobi su ci, sannan su ƙona ta ko su binne, su tara tudun ƙasa a kanta, kuma su shirya gasa. Wataƙila shi ya sa aka zana kekunan doki 3 suna tsere a saman rufin mai siffar ƙubba.

Dattijo: A ganina, Malam, fuskar matar ta fi komai ɗaukar hankali, domin ta sunkuyar da kai cikin jimami. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya kabarin cikin kayan tarihin duniya a 1979, kuma baƙi kwafinsa da aka gina kusa da shi suke shiga, don kada numfashi ya lalata zanen.